Gwaggon da Ta Tare Ruwan Rini

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Na faɗi wannan kalma ba adadi cikin kwanakin nan, amma duk sa'ad da na faɗe ta a kan Gwaggo sai in ji kamar a kan wata daban nake faɗi.

Da safiyar ranar da ta rasu mun yi magana da ita. Ina shirin fita lakol, domin ni malamar shimi ce, wato kimiyyar sinadarai, a wata lise, makarantar sakandare, a Maradi, sai salula ta yi ƙara. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta hau ni da faɗa, wai takardun gwajin ruwa sun ƙare tun wancan mako, na ce zan aiko ban aiko ba. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ran Asabar ina nan tafe." Ta ce, "Asabar ta wace shekara?" Ta kashe. Na tsaya ina dariya ni kaɗai a tsakar gida.

Hantsi bai gama dubawa ba, ina tsakiyar aji da alli a hannu, kira ya sake shigowa da lambarta. Ba na ɗaukar kira a aji, amma na san in ban ɗauka ba sai ta kira sau goma. Na fita baranda. Sai na ji muryar Baba, mahaifina, wanda shi ne ƙanenta.

Ya ce, "Ki taho gida. Gwaggonki ta cika."

Na ce, "Wace Gwaggo?"

Ita kaɗai gare ni. Na ji numfashinsa, na ji kukan mata daga nesa, sai layi ya yanke. Wata abokiyar aikina ce ta zo ta zare allin daga hannuna, ta raka ni tasha. Har muka wuce Cadakori muka ratse hanyar garinmu, ina gaya wa kaina suma ce ta yi, mutanen ƙauye ba su iya bambancewa.

Na iske ƙofar gida cike. Amalanken da zai kai ta kasuwa yana nan tsaye, an ɗaure shaddodin da aka rina a kai, jakin na kaɗa kunne cikin rana, babu wanda ya tuna ya kwance shi. Mai amalanken, dattijo ne da ya shekara da shekaru yana kai ta kasuwa, yana zaune a ƙasa. Duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Cewa ta yi in jira ta. Goro ta koma ɗaukowa. Cewa ta yi in jira." Haka ya yi ta faɗi har aka fito da ita.

A cikin gida Iya ce ta riƙe ni. Iya aminiyar Gwaggo ce tun suna 'yan mata, tare suka kafa aikin rini. Ita ta ga komai. Ta ce Gwaggo ta fito ɗaki da ƙullin goro a hannu, ta tsaya ta yi wa wata faɗa don ta bar murfin tukunya a buɗe, sai ta dafa turmi ta zauna a kai. Ta ce, "Kaina." Iya ta ce mata rana ce, ta sha ruwa. Kafin a miƙo kwanon ta sulale. Aka tura moto ɗauko majo, babban malamin jinya, daga gidan likita, ko da ya iso babu sauran abin yi.

Iya ta ce, "Ɗiyata, ban ma tashi daga inda nike ba. Na ɗauka wasa takai. Kin san ta."

Baba yana zaure da maza, carbi a hannu, yana karɓar gaisuwa. Da na durƙusa gabansa ya dube ni, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Jiya da marece ta ƙwace mini gatari, wai ban iya hwaskare ba. Da hannunta ta hwaskare iccen." Wani tsoho da ke gefe ya ce Allah ba Ya tambayar ƙarfin mutum. Baba ya ce haka ne, amma bai daina girgiza kai ba.

Da aka zo wanka aka ce in shiga, tunda ba ta bar 'ya mace ba. Hannuwanta daga yatsu har wuyan hannu shuɗi ne mai duhu, launin da ya zauna tun kafin a haife ni. Wata daga cikin masu wankan ta ɗauki sabulu tana ta cuɗawa. Iya ta riƙe mata hannu ta ce, "Bari. Ba dauɗa ba ta." Aka bari.

Ana gab da ɗaukarta wata Bafulatana ta shigo da ƙwaryar nono a ka. Dukanmu mun san ta, rugarsu tana bayan tabkin gari. Ba ta ji labari ba, ciniki ta zo. Ta ga taron, ta ga makara a jingine, ta tambaya da Hausarta mai karyewa waye ba shi da lafiya. Da aka gaya mata, sai ta sauke ƙwaryar a hankali ta ajiye, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta yi ta kallon ƙofar ɗakin. Ba ta yi kuka ba. Har aka dawo daga kushewa tana nan. Labarinta da Gwaggo shi ne ya sa na ɗauki biro, don kada a ce wata mai rini ce kawai ta mutu a wani ƙauye.

Kakanmu marini ne. Yana da karofi bayan gari, ramukan baba da toka, tun lokacin da Buzaye ke zuwa neman baƙin rawani. Gwaggo ta tashi tana kai masa fura a can, tana kallo, ko da yake ba a barin mace ta taɓa muciya. Ramukan sun mutu tare da shi. Bayan mijinta ya rasu ta yi 'yan watanni a Maradi wurin wata dangi, ta koyo rinin zamani, na galura da soda da ruwan zafi. Ta dawo ta kafa tukunya a tsakar gida. Iya ta biyo ta, sannan wasu mata, mafi yawansu zawarawa ko waɗanda mazansu suka tafi ci-rani ba labari.

Gwaggo mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, muryarta ta fi jikinta. Ba ta iya rarrashi ba. In ta ga kin rame ba za ta tambaye ki abin da ke damunki ba, tuwo za ta dangwara miki ta tsaya a kanki sai kin cinye. In aka kawo mata tsegumi sai ta ce, "Hannunki na aiki kuwa, ko bakin kaɗai?" In shadda ta fito da dabbare-dabbare ba ta tambayar wa ya yi, sai ta ɗaga ta sama ta yi shiru, mai laifin da kanta za ta taso. Ba ta taɓa cewa "yi haƙuri" ba, a iya sanina. In ta ɓata miki rai, washegari za ki ga goro ɗaya fari a kan tabarmarki, shi ke nan an gama. Kuma ba ta son likita. Sau biyu majo ya ce ta zo a auna jininta, ta ce shi ya fara auna nasa, ga tumbi. Wannan taurin kan muna dariyarsa a lokacin. Yanzu ba na iya yi.

Ita ta kai ni lakol. Baba yana ta jan ƙafa, yana cewa a bari sai baɗi, sai ta kama hannuna wata safiya ta kai ni gaban mushe, malamin makarantar, ta ce, "Ga ta nan, rubuta." Da Baba ya yi magana ta ce, "Ni na goye ka, ban yi shawara da kai ba." Bai ƙara ba.

Ruwan da aka gama rini da shi, a da, kwararo ake bi da shi. Yana fita ta rariyar gida, ya bi bayan katanga, ya gangara wani kwari da ke haɗe da tabki in damina ta sauka. Wata rana ja, wata rana kore, wata rana baƙi ƙirin. Babu wanda ya ɗauke shi komai. Ni kaina na yi wasa a gefensa.

Ina shekara ta biyu a jami'a, na zo hutu a farkon damina, abin ya faru a gabana. Muna karin kumallo sai ga Bafulatanar nan ta shigo ba sallama, ɗauke da 'yar akuya a kafaɗa. Ta shimfiɗa ta gaban tukunyar rini. Matacciya ce, bakinta ya yi shuɗi, leɓen ya saluɓe kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Ta ce, "Wannan ta uku." Ta ce saniyarsu ma ta zubar da ciki. Sannan ta ɗaga zanen jikarta da ke biye da ita, ta nuna ƙafafun yarinyar, duk sun yi ƙuraje daga shiga kwarin.

Matan suka taso mata. Wata ta ce wa ya aike su shayarwa a nan, wata ta ce ai Fulani ba su rasa abin ƙorafi. Gwaggo ta daka musu tsawa. Ta durƙusa, ta buɗe bakin akuyar da yatsunta, ta daɗe tana dubawa. Ta ɗago ta ce, "Ruwana na." Ta sa aka kashe wutar tukunya a ranar, ga shaddodin biki an jiƙa.

Magana ta kai gaban maigari. Makiyaya suka ce a tashi marinar, wasu manoma suka goya musu baya. Maigari ya ce ko dai a daina, ko a koma can daji bayan dabagi inda ba rijiya, wanda daidai yake da a daina. Mata goma sha wani abu ke ci daga tukunyar nan. Gwaggo ta je da kanta, ta zauna daga bakin zaure ta ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni zuwa kaka. In ruwana bai hita hwari ba, ni da hannuna zan kihe tukunya." Maigari ya tambaye ta yadda za ta yi. Ta ce ba ta sani ba tukuna. Mutane suka yi dariya, amma ya ba ta.

Abu na farko, ta toshe rariyar da laka. Ta sa aka binne manyan randuna uku a bayan ɗaki, duk ruwan rini a ciki yake ƙarewa. Sannan ta shiga gwaji. Ta tace da mataci irin na kunu, ruwan ya fito yadda ya shiga. Ta zuba yashi, ya ɗan rage. Ta daka gawayi, ya rage sosai amma ya toshe. Ta gwada ƙaiƙayi, ta gwada kwanson gujiya, ta gwada 'ya'yan zogale da ta ga ana kwantar da ruwan tabki da su. Kwalabe ta jera a kan katanga, kowace da irin nata launi, tana ɗaga su ga rana tana tsaki.

Ni ina gefe ina kallo da girman kan ɗaliba. Wata rana na ce mata a jami'a an koya mana wani abu mai suna mambaran, wato wani siririn shimfiɗi mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa ya wuce, launi ya maƙale, kuma ana iya yin sa da zaren tsiro.

Ta ce, "Mam mi?"

Na maimaita.

Ta ce, "Mataci dai. To tashi ki yi muna."

Ban iya ba. A takarda kawai na san shi. Ita ce ta ce in zare ake so, ga rama nan a bayan gida. Muka saɓe ɓawon rama, muka dafa shi da ruwan toka har ya yi laushi, muka wanke, muka kirɓa a turmi sai da ya koma kamar ƙullu. Muka gauraya da garin gawayin kwanson gujiya, muka shimfiɗa a kan rariyar tankaɗe, muka danne da dutsen niƙa, muka shanya. Na farko ya farfashe. Na biyu ya narke da ruwa ya taɓa shi. Ita ta gano a ɗinke shi tsakanin ƙyalle biyu, ita ta gano kaurin da ya dace, tana auna shi da farcen babban yatsa. Aka huda gindin wata tukunya, aka shimfiɗa matacin a ciki, yashi a sama, wata tukunyar a ƙasa tana tarar abin da ke ɗiga. Ranar da ruwan ya fara ɗigowa fari, Iya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

A ranar ne kuma muka ɓata, ni da ita.

Ta tara matan duka, ta cika kwano da ruwan, ta ce gobe za ta kai wa maigari, a kuma buɗe rariya. Ni kuwa ina da 'yan takardun gwaji da na zo da su daga jami'a, waɗanda ake tsomawa a ruwa su canza launi in akwai soda. Na tsoma ɗaya a gaban kowa. Ta rikiɗe nan take. Na ɗaga ta sama na ce, "Wannan ruwan zai kashe akuya kamar wancan. Launi kawai ya fita, sodar tana nan. Wanda bai yi karatu ba ne zai ce fari shi ne tsabta."

Na san na yi ɓarna tun kafin in rufe baki. Gwaggo ta dube ni, ta dubi takardar, ta ce, "Yau takarda za ta hwaɗa mini ruwa? Tun ba a yi auren uwarki ba nike cikin ruwa." Ta tuntsurar da kwanon da ƙafa, ta shige ɗaki. Ba ta kai wa maigari ba, ba ta buɗe rariya ba, amma ba ta ƙara yi mini magana ba. Na koma Maradi ba ta amsa sallamata ba. In na kira, sai ta miƙa wa Iya salular. Na yi kuka a kan wannan fiye da yadda zan iya faɗi, kuma ban je na ba ta haƙuri ba, don ina ganin ni ke da gaskiya.

Bayan kusan wata biyu, ina fitowa daga aji, mai gadin jami'a ya ce wata tsohuwa na nemana, ta ƙi shiga ta ƙi tafiya. Na iske ta zaune a gindin bishiyar bedi, da bidon, wato jarkar ruwa, a gabanta da wani gwangwani. A cikin gwangwanin akwai busasshen tsiron kuɓewa. Ashe bayan tafiyata ta shuka kuɓewa a gwangwani biyu, ɗaya tana ba shi ruwan rijiya, ɗaya ruwan matacinta, kuma shi ne wannan da ya bushe. Ta tura mini gwangwanin da ƙafa.

Ta ce, "Takardarki ta yi gaskiya. Ke ce ba ki iya magana ba."

Na durƙusa a nan bakin titi na ce ta yafe mini. Ta ce, "Tashi, mutane na kallo. Mi ke kashe soda?" Na ce abu mai tsami. Ta ce, "Tsamiya?" Na ce sai mun gwada. Muka shiga da bidon ɗinta har ɗakin gwaji, tana tafe tana kallon kwalabe tana cewa nata sun fi waɗannan tsabta. Malaminmu ya fito ya gaishe ta, ya yi mata tambayoyi, ta amsa masa kamar tana ciniki da shi a kasuwa. Da za ta tafi ta ciro goro fari ta ajiye mini a kan kaye, littafin rubutuna.

Haka aka ƙara mataki: a jiƙa tsamiya a zuba a randa, a bar ruwan ya kwana, a tsoma takarda, sai ta nuna ya yi sanyi sannan a tace. Kafin a gama yankan hatsi ta kai wa maigari kwano biyu, ɗaya ruwan rini ɗaya tatacce, da gwangwanin kuɓewa mai rai. Ta aika aka kira Bafulatanar, ta ce a gabanta za a yi. Kuma ita da bakinta ta faɗa wa taron cewa ruwan nan ba na sha ba ne, ko mutum ko dabba, har abada. Ɗauraya za a riƙa yi da shi, a kwaɓa laka, a ba itatuwan da ta shuka a bayan katanga. Rariya kuwa ba za a sake buɗe ta ba. Matacin da ya ƙoshi da launi, rami ta sa aka haƙa masa nesa da rijiya, aka shafe da siminti. Maigari ya dubi Bafulatanar ya ce mi ta gani. Ta ce, "Ni dai in ba ya zuwa tabki." Daga ranar duk zuwan da za ta yi gari sai ta biya ta gidan, Gwaggo ta kai ta bayan ɗaki ta nuna mata laka tana nan a bakin rariya. Tun ana yi don tabbatarwa har ya koma zumunci. Ba su da dogon zance, sai su zauna su raba goro.

Labari ya kai wasu garuruwa. Mata suka zo daga Gidan Sori, wasu daga wajen Sae Sabuwa. Cikin matanmu akwai masu cewa kada a koya musu, kasuwa ɗaya muke ci. Gwaggo ta ce, "Akuyoyin garinsu ba su shan ruwa?" Ta zaunar da baƙin kwana biyu, ta ciyar da su, ta yi musu faɗa kamar 'ya'yanta, ta sallame su da mataci ɗai-ɗai. Ni kuma a kan wannan aikin na rubuta kundin gama karatuna. Da na karanta mata shafin farko inda na ambace ta, na fassara mata, sai ta ce, "To. Sun ce a ƙara gawayi ko a rage?"

Bayan addu'ar bakwai baƙi suka watse. Washegari Iya ta tara matan ta ce akwai shaddodin mutane a ɗaki, masu su sun yi kawaici, a hura wuta. Aka hura. Da aka zo tacewa aka ga matacin da ke cikin tukunya ya ƙoshi, sai aka sa sabo daga waɗanda ni da matan muka yi a cikin kwanakin zaman makoki, don mu sami abin da za mu riƙe da hannu. Mun yi shi daidai yadda aka saba, ina da komai a rubuce.

Ruwan ya ɗigo da shuɗi-shuɗi.

Muka canza wani, haka. Na duba kauri, na duba gawayi, na tsoma takarda, komai daidai. Sai na tuna ko a ɗakin gwaji nawa bai taɓa kamo nata ba, kullum sai na ce ai hannu ne. Wata daga cikin matan ta ce ita dai ta san bayan an shanya, Gwaggo kan kwashe su ta kai ɗakinta, sai bayan kwanaki ta fito da su, kuma suna fitowa da ɗan ja-ja. Kowa ya ce haka ne. Babu wadda ta taɓa tambaya. Ni da na cika kaye uku da rubutu ban taɓa tambaya ba.

Ba a buɗe ɗakin ba tun ranar jana'iza. Iya ta tura ƙofa, na bi ta. Gadonta a gyare, dardumar salla a naɗe, takalmanta na zuwa biki a jere. A ƙarƙashin gado muka jawo wata tsohuwar tasa rufe da faifai. Ruwa ne a ciki ja-baƙi, da mataci huɗu a nutse, an danne su da dutse. Da hannunta ta sa su, wataƙila a safiyar nan, wataƙila kafin ta kira ni.

Iya ta tsoma yatsa ta kai baki. Ta yamutsa fuska, ta tofar.

Ta ce, "Bagaruwa ta."

Na ce, "Bagaruwar majema?"

Ta ce, "Ita. Halan don kada shi ruɓe taka sa shi. Ita ba ta ɗauke shi wani abu ba, shi ya sa ba ta hwaɗi ba." Sai ta zauna a bakin gadon, ta rufe fuska da gefen zane, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar farko. Na zauna kusa da ita, tasar tana gabanmu.

Ba mu san yawan bagaruwar da take sawa ba, ba mu san kwana nawa take bari ba. Mun ciro ɗaya mun sa a tukunya, ruwan ya fito fari. Sauran ukun na hana a taɓa. Jiya matan suka tafi da buhu gindin bagaruwar da ke hanyar kushewa, suka tsinto abin da ya zuba, muka jiƙa tasa biyar, kowace da nata awo, muka jera su a inuwa. Iya ta ce in rubuta komai wannan karon, har da abin da nake ganin ba komai ba ne.

Wanda duk Gwaggo ta taɓa ɗaga wa murya, kuma na san kuna da yawa, ina roƙonku ku yafe mata. Allah Ya jiƙanta, Ya yalwata mata makwanci, Ya wanke ta fiye da yadda ta yi ta ƙoƙarin wanke ruwan garinmu. Mu da muka rage, Allah Ya ba mu ikon tambayar manyanmu tun suna amsawa. Amin.